Teku ya yi mana nisa, amma gaiwa na fadamarmu

Daga Kiru zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma da yawa daga cikin mutanenmu za su rayu har su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba. Manyan ruwayen da muka sani su ne Tiga da Bagauda da Challawa, dukkansu kuma hannun mutum ne ya tare su. Saboda haka duk wanda ya ji an ce akwai masu ƙarar da rayuwarsu kaf wajen kallon yadda ƙwan wata dabbar teku ke tsagewa gida biyu, ya koma huɗu, ya koma takwas, kuma har a biya su albashi a kan haka, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Na haura shekara 20 ina koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare tsakanin Kiru da Bebeji da Tudun Wada, kuma tambayar da na fi ji daga bakin iyaye, har da wasu ’yan’uwana malamai, ita ce: “To, me za a ci da shi?” Tambaya ce mai nauyi wadda ta cancanci amsa ta gaskiya, domin mai yin ta shi ne ya sayar da buhun masararsa ya biya kuɗin jarrabawa.

Fannin da nake magana a kansa shi ne nazarin tasowar ɗan tayi da sauyawar halittu. Masu wannan aiki suna bin diddigin yadda ƙwai guda, wanda bai kai ƙwayar gero ba, yake zama dabba mai kai da wutsiya da ido da ƙashi, kowace gaɓa a mazauninta. Daga nan sai su jera ’yan tayin dabbobi mabambanta su kwatanta su, domin su gano inda suka yi tarayya da inda hanya ta rabu. Dalilin da ya sa suka fi raja’a ga dabbobin teku kuwa a bayyane yake. Yawancinsu a cikin ruwa suke zubar da ƙwai dubbai, ƙwan kuma garau yake kamar gilashi, don haka ana iya kallon abin da ke gudana a cikinsa ba tare da an yanka komai ba. Abin da ke ɓoye a mahaifar akuya, a ƙwan bushiyar teku a fili yake.

Ga kaɗan daga abin da aka ci da shi. A 1866 wani Barashe mai suna Alexander Kowalevsky, yana aiki a gaɓar tekun Italiya, ya gano cewa wata halitta da ke manne wa duwatsu kamar buhu, wadda aka ɗauka dangin katantanwa ce, tana da jinjiri mai wutsiya da wata sanda a gadon baya irin wadda ɗan tayin kifi da na tsuntsu da na mutum suke da ita kafin ƙashin baya ya samu. A 1882 abokinsa Elie Metchnikoff ya soka ƙayar fure a jikin jinjirin tauraron teku a garin Messina, washegari ya tarar wasu ƙwayoyin halitta sun yi wa ƙayar taron dangi. Daga nan aka fahimci yadda fararen ƙwayoyin jini ke cinye ƙwayoyin cuta, ya kuma sami kyautar Nobel a 1908. A 1982 Tim Hunt, ɗan Ingila, ya gano a cikin ƙwan bushiyar teku sinadarin da ke ba ƙwayar halitta izinin rabuwa gida biyu. Cutar sankara kuwa ba komai ba ce face rabuwar ƙwayoyin halitta ba tare da linzami ba, kuma a kan wannan sani aka gina wasu magungunan sankarar mama da ake amfani da su a yau. Osamu Shimomura na Japan ya yi shekaru yana tara wata halittar teku mai kama da lema a gaɓar Amurka, har ya ware sinadarin da ke sa ta ba da koren haske. Yanzu da wannan sinadari ake yi wa ƙwayoyin halitta alama a ɗakunan bincike na duniya, shi ma kuma ya karɓi Nobel a 2008. Babu ko ɗaya a cikin mutanen nan da ya fita neman magani. Tambaya ce ta hana su barci, amfanin kuma ya biyo baya bayan shekaru.

Wata ɗalibata ce ta sa na koma tunanin wannan al’amari da gaske. Yarinya ce mai kaifin basira daga wani ƙauye kusa da Kwanar Dangora, wadda ta kalli wani bidiyo na ƙwan dabbar teku yana rarrabuwa a wayar yayanta, tun daga ranar kuma ta ce ita wannan aikin za ta yi. Mahaifinta ya same ni har gida, bayan mun gaisa ya ce, “Malam, ’yarka ta ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Mu burinmu ta zama likita ko ungozoma ta taimaki matanmu, ita kuwa wai halittun teku. Ina teku a Kiru?” Na ce masa, “Alhaji, burinka mai kyau ne, kuma babu mai musun muna bukatar likitoci mata. Amma ka ba ni dama in nuna mata cewa ƙofar abin da take so tana nan a fadamar garinku.” Abin da nake nufi shi ne gaiwa.

Duk wanda ya tashi a karkara a wannan yanki ya san ta. Muna yara, idan rani ya yi nisa fadama ta bushe ta tsattsage, kawuna yakan ɗauki fartanya mu bi shi. Yana tafe yana duban ƙasa, sai ya tsaya a kan wani ɗan rami da bai fi a zura yatsa ba, ya ce, “Kai yaro, ga ta nan kwance.” Ya haƙa kamar kamu ɗaya ko biyu, ya ɗago curin laka, ya fasa shi a hankali. A ciki za ka ga kifi a naɗe, wutsiya ta rufe fuska, an lulluɓe shi da wata busasshiyar fata mai kama da takarda. Kifi da rai, a busasshiyar ƙasa, a tsakiyar watan Maris. Mutanenmu suna cewa gaiwa jikinta take ci, har ana buga misali da ita ga wanda ke cin jarinsa. Da na yi karatu sai na tarar maganar tana da tushe. Idan ruwa ya janye, gaiwa takan nutsa cikin taɓo, ta fitar da majina mai yawa wadda ke bushewa ta zama mata kwanso, ta bar ƙaramar kafa a saitin baki tana shaƙar iska, domin huhu gare ta guda biyu. Bugun zuciyarta yakan ragu, ta daina ci da sha, jikinta ya riƙa narkar da tsokarta kaɗan-kaɗan yana rayuwa a kai, dattin da ya kamata ya fita da fitsari kuma ta mayar da shi wani nau’i marar dafi sosai ta adana har ruwa ya dawo. A daji watanni take yi a haka, a ɗakin bincike kuwa an ga wadda ta haura shekara uku.

Turawa sun san da gaiwa tun 1839, lokacin da Richard Owen ya yi bayaninta daga wadda aka kai masa Landan daga Kogin Gambiya, ya kuma ba ta sunan da ya zama Protopterus annectens. Ta rikita masana ƙwarai, domin ga ɓawon kifi, ga huhu, ga wasu zarara huɗu a mazaunin ƙafafu. Haka ma gartsa, wadda wasu ke kira gwando, kifin nan mai sulke da jerin ƙayoyi a gadon baya, wanda wani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya samo a Kogin Nilu lokacin da Napoleon ya mamaye Masar, ya bayyana shi a 1802. Ita ma huhu gare ta. Masanan ƙarni na 19 sun yi imani cewa duk wanda ya ga yadda ’yan tayin kifayen nan biyu ke tasowa, zai sami mabuɗin fahimtar dangantakar kifi da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu. Matsalar ita ce babu wani a cikinsu da ya taɓa ganin ƙwan gartsa yana tasowa.

A nan labarin John Samuel Budgett ya shigo, kuma shi ne labarin da na ba ɗalibata domin ta san abin da ake nufi da rayuwar mai bincike. An haife shi a Bristol ta Ingila a 1872, ya yi karatu a Jami’ar Cambridge. Yana ɗalibi ya raka John Graham Kerr zuwa fadamun Paraguay a 1896 domin nazarin ’yar’uwar gaiwa ta Kudancin Amurka. Daga nan ya ɗaura aniyar nemo ƙwan gartsa. A 1898 ya tafi Gambiya, ya zauna watanni a tsibirin da ke tsakiyar kogin, wanda yanzu ake kira Janjanbureh, ya dawo bai samu ba. A daidai wannan lokaci wani Ba’amurke, Nathan Harrington, yana neman abu ɗaya a Kogin Nilu, zazzaɓi ya kashe shi a Atbara ta Sudan a 1899. Budgett bai karaya ba. Ya koma Gambiya a daminar 1900, a wannan karon kuma babban masuncin da ke masa aiki, wani mai suna Sory, ya zo masa da albishir cewa ya ga ’ya’yan gaiwa. Ta haka duniyar kimiyya ta san cewa gaiwa sheƙa take yi a cikin ciyawar fadama, namijin ne ke gadin ƙwai yana kaɗa wutsiya domin ruwan ya sami iska, ’ya’yan kuma suna fitowa da wasu gezoji a gefen kai da suke numfashi da su, tamkar jinjirin kwaɗo. A tafiyar nan ya kuma ga sheƙar ɗan sarki da ta bargi. Ƙwan gartsa dai shiru.

A 1902 ya gwada Uganda da Kogin Nilu, nan ma ya dawo hannu rabbana. Sai a 1903, a tafiya ta huɗu, ya shigo ƙasar nan, ya sauka a wani ƙauye a yankin Neja-Delta da damina tsaf. A watan Agusta ya dace da mace mai nunannen ƙwai da namiji a lokaci guda, ya tatsi ƙwan a cikin kwano, ya haɗa da ruwan namijin, ya zauna yana kallo a madubin ƙara girma yana zanawa, dare da rana, ga sauro ga ruwan sama. Ya koma Ingila da kwalabensa da zane-zanensa da kuma zazzaɓin cizon sauro a jikinsa. Ya rasu ranar 19 ga Janairun 1904 yana da shekara 31, a ranar da aka tsara zai gabatar da sakamakon aikinsa a gaban ƙungiyar masana dabbobi ta Landan. Abokinsa Kerr ne ya ƙarasa nazarin ƙwan, ya tattara ayyukansa ya buga a 1907. Daga baya masana suka tabbatar cewa gartsa reshe ce mafi daɗewa a zuriyar kifaye na yau da kullum irin su karfasa da tarwaɗa, gaiwa kuwa ita da danginta su ne kifaye masu rai da suka fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu.

Ba na ba da wannan labari ba tare da na tuna wa ɗalibai wani abu ba. Shekarar 1903 da Budgett ya cimma burinsa ita ce shekarar da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka taso daga Zariya, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, suka ci birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu. Jirgin da ya kawo mai madubi, ƙarƙashin tutar da ta kawo mai igwa ya taso. Wannan gaskiya ce da bai kamata a share ta ba. Sai dai akwai darasi biyu da nake ɗauka daga rayuwar mutumin nan. Na farko shi ne naci: shekara biyar a kan tambaya guda, tafiya uku babu biyan bukata, amma bai canza tambayar ba. Na biyu shi ne Sory. Idon masuncin Afirka ne ya gano sheƙar, alƙalamin Bature ne ya rubuta, shi ya sa sunan ɗaya yana kan littafi, na ɗayan kuma yana cikin layi guda. Bambancin da ke tsakaninsu rubutu ne da madubi da kuma wata cibiya da ta ɗauki nauyin mutum ya yi shekara biyar yana nema.

Har gobe kifayen nan namu suna kan gaba a wannan fanni. A 2011 masu bincike a Jami’ar Chicago, ƙarƙashin jagorancin Heather King, suka ɗauki bidiyon gaiwa irin tamu a cikin tanki, suka nuna cewa tana taka ƙasan ruwa da zararanta na baya, dama da hagu bi da bi, har tana ɗaga jikinta. A 2014 Emily Standen da abokan aikinta a Jami’ar McGill ta Kanada suka reni ’ya’yan gartsa a kan tsakuwa mai danshi, ba a cikin ruwa ba, tsawon wata takwas. Kifayen suka rayu, suka fi ’yan’uwansu na ruwa iya tafiya, suna ɗaga kai sama, ƙasusuwan kafaɗarsu ma suka canza siffa. A 2016 ɗakin binciken Neil Shubin ya nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke tsara yatsun ɓera su ne ke tsara ƙayoyin fiffiken kifi. A 2021 kuma masana a ƙasar Sin suka wallafa cikakken kundin gadon gaiwa, suka tarar yana da harufa kusan biliyan 40, alhali na ɗan Adam biliyan 3 ne da ’yan kai. Kifin da muke haƙowa da fartanya mu sa a miya, kundinsa ya ninka namu sau 13.

Ba gaiwa da gartsa kaɗai ba ne. Akwai wani kwaɗon ruwa da ɗakunan bincike na duniya ke kiwo domin nazarin ɗan tayi, wanda aka karanta kundin gadonsa a 2010, kuma zuriyar da aka yi aikin da ita daga Najeriya aka ɗebo kakanninta. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi na kududdufan damina wanda ƙwansa ke jure rani a cikin busasshiyar laka har ruwa ya sauko, wanda aka bayyana a 1928 aka raɗa masa sunan Kogin Kiyawa, inda aka same shi a kusa da Katagum. Shi kansa tekun da Alhaji ke tambaya, ya taɓa kwanciya a ƙasar Hausa. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato cike take da ɓawon dabbobin teku, har da bushiyar teku, waɗanda suka rayu kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani hannun teku ya ratsa inda Sahara take a yau. Akwai ma wani ƙaton kadangaren teku da aka haƙo ƙasusuwansa a yankin, aka sa masa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Na san akwai ɓangaren wannan ilimi da ke tayar da muhawara a tsakaninmu, har wasu malamai kan tsallake babin sauyawar halittu su ce ɗalibai su karanta a gida. Ni ban ga hikimar haka ba. Masana sun kai ga matsayarsu ne saboda shaidu uku sun yi daidai da juna: ƙasusuwan da ke cikin duwatsu, da kamannin ’yan tayi, da kuma kundin gado. Wajibi ne ɗalibi ya san waɗannan shaidu yadda suke, domin babu wanda zai iya auna maganar da bai fahimta ba, kuma yaron da aka ɓoye wa babi a aji zai same shi a intanet daga bakin wanda ba ruwansa da tarbiyyarsa. Kallon halitta da idon basira kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Tun a ƙarni na 9 Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan, yana bayanin ɗabi’un dabbobi da yadda muhalli ke tasiri a kansu. Ni dai ban taɓa leƙa madubi na ga ƙwai yana rabuwa ba face na ji tasbihi ya zo bakina.

Madubin shi ne matsalar. Na taɓa koyarwa shekara huɗu a wata makaranta inda madubin ƙara girma guda ɗaya tak muke da shi, yana kulle a ofis domin kada ya lalace, ana fito da shi ne kawai idan masu duba makarantu za su zo. Ɗaruruwan yara suka zana ƙwayar halitta daga allo, suka ci jarrabawa, ba su taɓa ganin ta ba. Amma kuma a yankin nan akwai matasa masu ƙyanƙyasar tarwaɗa da ke yin abin da Budgett ya ba da ransa a kansa, kusan kowane mako. Sukan yi wa macen allurar Ovaprim da yamma, da safe su tatsi ƙwan a roba, su yanka namiji su ɗebi ruwansa, su gauraya, su baza a kan raga a cikin ruwa, kafin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ’ya’yan sun fito. Na aro madubi na kai ɗalibata da ƙawayenta shida wurin ɗaya daga cikinsu. Muka ɗebi ƙwai kaɗan a cokali muna dubawa lokaci-lokaci. Suka ga ƙwayoyi biyu sun zama huɗu, suka ga an ja layin gadon baya, can da dare ya yi kuma mai gidan kifin ya kira ni a waya ya ce wutsiya ta fara motsi. Shi kansa, da ya shekara shida yana wannan sana’a, ranar ya fara leƙa cikin ƙwan da yake ci da shi. Sai da ya daɗe a kan madubin kafin ya ɗago ya ce, “Malam, ashe haka abin yake?”

Wannan ya nuna mini cewa abin da muka rasa kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da muke da shi. Muna da Jami’ar Bayero a Kano, da Jami’ar Aliko Dangote a Wudil, da Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya wadda ba ta da nisa da mu. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa da ta binciken teku a Legas. Muna da Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974, da Kogin Kano da ke gangarowa ta dajin Falgore. Abin da ya rage shi ne a sami ɗan ƙaramin gidan bincike a bakin ruwa, ɗaki uku da tankuna da wutar sola da madubai masu kyau, inda malamin jami’a da ɗalibinsa za su kwana a gefen ƙwai har ya ƙyanƙyashe. A kuma sami masu hali da za su ɗauki nauyin tambaya, ba ginin da za a rubuta sunansu a jiki kaɗai ba. Yawancin binciken kifi da ɗalibanmu ke yi yana tsayawa ne a kan abincin da zai sa tarwaɗa saurin girma, kuma hakan yana da amfani. Sai dai al’ummar da ba ta tambayar komai sai abin da za ta sayar gobe, za ta dawwama tana sayen amsoshi daga wasu.

Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. Fadamun da muke haƙar gaiwa muna yara, yawancinsu yanzu gonakin shinkafa ne da rake da tumatir, ana huɗa su rani da damina, ana fesa musu maganin ciyawa. Ba na zargin manomi, domin iyali yake ciyarwa. Amma gaiwar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ba ta da hanyar tsira daga garma, kuma a idona ta yi ƙaranci ƙwarai. Can ƙasa ma, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Hadeja da Nguru ta ragu tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Tsofaffin masunta da suka san watan da kowane kifi ke ƙwai, da ciyawar da yake sheƙa a ciki, da sunan kowanne tun yana ƙarami, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ’ya’yansu kuma sun koma acaba da cirani. Kawuna ya rasu da abin da ya sani. Duk Sarkin Ruwan da aka binne ba a rubuta iliminsa ba, an binne aikin da wani baƙo zai zo ya sake ganowa ya sa sunansa.

Alhaji ya amince ’yarsa ta nemi fannin nazarin dabbobi, bisa sharaɗin ƙanwarta za ta yi aikin jinya, kuma yanzu tana aji biyu a jami’a. Ban ɓoye mata komai ba. Na gaya mata hanyar tana da tsawo, digiri uku ne kafin a fara kiran mutum mai bincike, albashin bai kai na likita ba, kuma za ta iya shafe shekaru tana neman abu ta dawo babu. Wataƙila wata rana ta tsaya a bakin teku a Legas ko a Italiya ta ga bushiyar tekun da ta fara gani a waya. Amma na ba ta aikin hutu tun yanzu: littafin rubutu mai kauri, da sunayen ƙauyuka biyar na bakin ruwa, ta je da yayanta ta zauna da dattawan masunta, ta rubuta da Hausa duk abin da suka sani game da haihuwar gaiwa da gartsa, ta sa sunan kowane dattijo a saman shafinsa da izininsa.

Ga iyaye kuwa, roƙona shi ne idan Allah Ya ba ku yaro mai yawan tambaya a kan ƙwaro da kwaɗo da kifi, kada ku kashe masa gwiwa da cewa wasa yake yi. A cikin yara goma masu ƙoƙari, a bar ko da ɗaya ya bi tambayarsa. Ga malamai ’yan’uwana, mu fito da madubin nan daga ofis, gara ya lalace a hannun yara da ya yi tsatsa a akwati. Allah Ya ba ’ya’yanmu ilimi mai amfani da haƙurin nemansa, Ya kuma ba mu shugabanni da attajirai masu hangen nesa.